Ga ɗalibar da ke son binciken cututtukan gado da ba a cika samu ba

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a sashen bayokemistiri na Jami'ar Jihar Kaduna ta aiko da tambaya. Tana son ta zama mai bincike a kan cututtukan gado masu hana jiki sarrafa abinci, irin waɗanda ba a cika samu ba. Sai dai abokan karatunta suna ta sare mata gwiwa, wai ciwon Turawa ne, babu masu shi a nan, kuma aikin ba ya ciyar da mai yinsa. Tana neman sanin ta inda za ta fara, da ko hanyar tana ɓullewa.

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Hanyar tana ɓullewa, amma doguwa ce, kuma ba zan ɓoye miki wuyarta ba. A maganar kuɗi abokanki suna da ƙamshin gaskiya, za mu zo wurin. Amma cewa babu marasa lafiyar a nan, wannan kam ba haka ba ne. Suna nan a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Kakuri. Ana haifarsu, ana kuma binne da yawansu ba tare da kowa ya san sunan abin da ya ɗauke su ba.

Ki yi lissafin da kanki. Cututtukan gado na sarrafa abinci sun haura 1,000. Kowacce ita kaɗai ba a cika ganinta ba, amma in an tara su, ƙiyasin duniya shi ne kusan jariri 1 cikin 2,000 yana zuwa da ɗaya daga ciki. Nijeriya na haihuwar jarirai wajen miliyan 7 a shekara. Kin ga dubbai ke nan duk shekara. In kika buɗe fayilolin asibitocinmu, da ƙyar za ki ci karo da sunayen waɗannan cututtuka. Dalilin shi ne ba a nemansu, kuma abin da ba a nema ba a rubuta shi.

Kin san tushen daga aji, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Ki ɗauki gidan da ake yin man gyaɗa: ga mai ɓarewa, ga mai suya, ga mai niƙa, ga mai matsa. Ranar da mai niƙa ba ta zo ba, soyayyiyar gyaɗa za ta taru a wurinta, gaba kuma babu mai, babu ƙuli-ƙuli. Haka jiki yake sarrafa furotin da sukari da kitse, mataki bayan mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke yin aikin wannan mataki. In ƙwayar gadon da ke ƙera enzayim ɗaya ta samu tangarɗa, abin da ya kamata ya wuce sai ya taru ya zama guba, abin da ya kamata a samar kuma a rasa shi. Ƙwaƙwalwa da hanta su ne suka fi shan wahalar.

Ina so ki san yadda fannin ya faro, domin akwai darasi a ciki ga wadda za ta yi aiki a Kaduna. A 1902 wani likita a Landan, Archibald Garrod, ya yi rubutu a kan mutanen da fitsarinsu ke yin baƙi in ya sha iska, cutar da ake kira alkaptonuriya. Ya lura da yawansu 'ya'yan auren dangi ne, daga nan ya gane abin gado ne. A 1934 a birnin Oslo na ƙasar Norwe, wata uwa ta nace cewa 'ya'yanta biyu da hankalinsu bai cika ba suna da wani wari na daban. Likita Asbjørn Følling ya ɗiga sinadarin ferik kuloraid a fitsarinsu, sai ya koma kore. Nan aka gano cutar PKU, wadda jiki ke kasa sarrafa wani sinadarin furotin mai suna fenilalanin, ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. A 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa a Bamingham ta Ingila suka nuna cewa rage sinadarin fenilalanin a abincin yaro yana sassauta cutar. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da dabarar tsaga diddigen jariri a ɗiga jinin a kan takarda ta musamman, wadda har yau da ita ake tantance miliyoyin jarirai. Duk cikinsu babu wanda ya fara da na'urar miliyoyin daloli. Da ido da hanci suka fara, da sauraren abin da iyali ke faɗa, sannan ilimin sinadarai ya biyo baya. Waɗannan duk kina da su.

Ga abin da za ki gani ranar da kika shiga ɗakin jarirai. An haifi yaro lafiya lau, ya yi kuka, ya kama mama. A rana ta uku ko ta huɗu, ana ta shirin suna, rago na ɗaure a tsakar gida, sai ya ƙi tsotso. Barci ya yi masa yawa, ga amai, ga numfashi sama-sama, sai jijjiga. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, ya sa allurai, kuma ya yi daidai, don yawancin jariran da ke zuwa a haka abin da ke damunsu ke nan. Amma wannan bai farfaɗo ba. Aka tsayar da mama aka sa masa ruwan sukari ta jijiya, ya ɗan buɗe ido. Aka mayar da shi kan nono, ya sake suma. Can sai kakarsa, tana zaune a gefen gado da carbi a hannu, ta ce haka wansa ya yi, shi ma bai ga suna ba. Wannan maganar ta tsohuwa ta fi gwaji goma daraja, amma sai in akwai wanda ya san abin da take nufi. Yaron da ke lalacewa da nono ya ɗan gyaru da ruwan sukari, ga ɗan'uwa ya mutu a irin wannan hali, dole a auna amoniya a jininsa nan take, wato gubar da ke taruwa in jiki ya kasa sarrafa furotin, a duba sukari da tsamin jini, a adana jini da fitsari tun yana cikin mawuyacin halin, kafin magani ya share alamun.

Har hancinki zai yi aiki. Akwai cutar da ake kira MSUD, wadda littattafai ke cewa fitsarin mai ita yana ƙanshin wani ruwan itace mai zaƙi da ake sha a Amurka da Kanada. Ke ba ki san wancan ba, amma kin san hulba, kuma sinadarin da ke ba hulba ƙanshinta shi ne dai ke fita a fitsarin jaririn da dattin kunnensa. Sai dai ki fara tambaya ko mai jegon tana shan hulba, don ita ma tana jawo ƙanshin.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin gidajen da 'ya'ya ke mutuwa a jere. Mukan ce matar tana wabi, a raɗa wa na baya Ajuji ko Ayashe ko Allah zai sa ya tsaya. Yawancin wabi zazzaɓin cizon sauro ne da sikila da tamowa da saɓanin jinin uwa da ɗa. Amma wani kaso na fanninki ne, kuma auna girman wannan kaso aiki ne da ke jiran mai yi. Ina kiranki ga wannan: ki nemo yaran, ki sa wa cutarsu suna, ki ƙirga su. Gwamnati ba ta ware kuɗi don ciwon da ba shi a takarda.

Nan maganar auren zumunci ke shigowa, kuma ina roƙonki ki riƙe ta da hankali. Yawancin waɗannan cututtuka sai uwa da uba duka suna ɗauke da tangarɗar, su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4, kamar dai sikila. Ɗan wa da 'yar ƙane sun fi bare yiwuwar haɗuwa a kan tangarɗa iri ɗaya, shi ya sa haɗarin haihuwar yaro mai lalura yake kusan ninkawa, daga kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ya koma wajen 4 zuwa 6. Wato mafi rinjayen 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu lau. Kada ki shiga sahun masu tsine wa al'adar gaba ɗaya, don ranar da kika yi haka iyalai za su rufe miki ƙofa, kuma ba ki faɗi gaskiya ba. Inda ake bukatar shawara shi ne zuri'ar da cutar ta riga ta bayyana a cikinta. Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi, har a sake ta ko a yi mata kishiya daga cikin dangin nan dai, abin ya sake maimaituwa. In za ki yi bayani, ki tabbata uban yana zaune, ki kuma faɗa ƙarara cewa rabi daga gare shi ne, rabi daga gare ta, kuma babu mai laifi a cikinsu.

Abokanki da ke cewa ciwon Turawa ne, ga inda zancensu ya samo asali. PKU ɗin da ta cika littattafai ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata na Afirka. Shi ya sa kwafo jerin cututtukan da Ingila ke tantancewa a kawo nan ba dabara ba ce, dole mu gano namu jerin. Ɗauki galaktosimiya, cutar da ke hana jariri sarrafa sukarin madara, ta jawo shawara da kumburin hanta da yanar ido. Tangarɗar da ta fi yawa a Turai ana kiranta Q188R, ta baƙar fata kuwa S135L ce. Gwajin da aka tsara don ta Turai kaɗai zai ce ɗan Bahaushe lafiyarsa lau alhali yana mutuwa. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, masu asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba, alhali nahiyarmu ta fi kowacce bambancin ƙwayoyin gado. Sau da yawa sakamako yakan dawo daga waje an ce an ga canji amma ba a san ma'anarsa ba, kawai don ba a da isassun bayanan mutanenmu da za a kwatanta.

Kuma abin da ke jikinmu yana iya amfanar duniya. A 2003 aka gano ƙwayar gadon PCSK9 a wasu iyalai a Faransa masu yawan kitsen jini na gado. Bayan nan Helen Hobbs da Jonathan Cohen a birnin Dalas suka tarar wasu baƙaƙen Amurka, wajen 2 cikin 100, suna da canjin da ke kashe aikin wannan ƙwaya, kitsen jininsu ƙasa-ƙasa. A 2006 aka nuna haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. Zuwa 2015 magunguna sun fito daga wannan ilimi. Daga iyalai 'yan ƙalilan aka samo abin da masu ciwon zuciya a ko'ina ke amfana da shi yau.

To, ta ina za ki shiga? Ƙofar da ke buɗe a nan ita ce sikila. A Amurka tana cikin cututtukan da ba a cika samu ba, don dokarsu ta sa duk cutar da masu ita ba su kai 200,000 ba a wannan rukuni. A Nijeriya kuwa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara. A kanta ne muke da ƙwararru da ɗakunan gwaji da ɗan tallafi, kuma takardar jinin diddige da ake ɗiba don sikila ita ce za ta ɗauki sauran gwaje-gwajen gobe. An yi aiki mai nauyi a yankinmu: binciken SPRING da aka gudanar a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga a 2022, ya gwada ƙaramin awon maganin haidiroksiyuriya da matsakaici wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ki nemo shi ki karanta daga farko har ƙarshe, ki ga yadda ake tsara bincike a asibiti irin namu.

Bayan hidimar ƙasa ki nemi digiri na biyu, a bayokemistiri ko a fannin sinadaran jikin marasa lafiya. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya, asibitin koyarwarta yana Shika, ga na Barau Dikko a cikin garin Kaduna. Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinki, kada girman suna ya ruɗe ki. Ki tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi kafin su gama, ki duba ko yana buga bincike a mujallun kirki, ko yana da firiza mai aiki. Marigayi Farfesa Andrew Nok, ɗan jihar nan, a Zariya ya gina sunansa da aiki a kan enzayim na ƙwayar cutar sammore, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, ya rasu a 2017 yana kwamishinan ilimi. Fanninsa daban ne da naki, amma ya nuna ana iya yin bayokemistiri na a zo a gani daga nan.

Digirinki ba ya ba ki izinin duba marasa lafiya, kuma aikin gwajin asibiti yana da hukumarsa da lasisinsa. Saboda haka tun yanzu ki nemi likitan yara mai sha'awar abin, ku haɗa hannu. Shi ke ganin jaririn, ke kike sanin hanyar sinadarin da ta toshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a wannan fanni ma abin ya fi haka.

Ki koyi aikin hannu har ya zauna: awon ruwa da bututun pifet daidai, ciro DNA da ninka ta da dabarar PCR, auna ƙarfin enzayim, rarrabe sinadarai da kuromatogirafi. Kada ki raina tsofaffin gwaje-gwaje. Fitsarin da ya canja launi da ruwan Benedict, mai gano sukari, amma tsinken gwajin gulukos bai nuna komai ba, ishara ce ga galaktosimiya, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ishara ce kawai, tabbaci sai an tura gaba, amma ta isa likita ya sauya wa jariri madara zuwa ta waken suya. A gefe guda ki koyi lissafin alƙaluma da manhajar R ko Python, ki saba da rumbunan bayanan cututtuka da ƙwayoyin gado irin su OMIM da Orphanet da ClinVar da gnomAD, duk kyauta ne a intanet. Wannan ɓangaren laftof da data kawai yake bukata, kuma shi ne zai buɗe miki ƙofar digiri na uku, ko ta tallafin Commonwealth ko DAAD ta Jamus, ko TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, in kin samu aikin koyarwa. Fita waje tana da amfani, domin na'urar tandem mas da ke tantance cututtuka da dama daga ɗigon jini ɗaya sai kin zauna da ita kafin ki iya. Amma ki tafi da tambayar da kika ɗauko daga ɗakin jariranmu, don in kin tafi hannu rabbana, tambayar wasu za ki yi wa hidima.

Yanzu wuyar. Albashin malamin jami'a ba ya sa mutum arziki, wannan kowa ya sani, kuma abokanki da suka shiga banki ko kasuwanci za su riga ki gina gida. Kayan gwaji da dala ake saye, su yi watanni a hanya, wani lokaci su iso sun lalace da zafi. Na taɓa shiga ɗakin gwaji da safe na tarar firizar da muke ajiye jinin marasa lafiya ta narke saboda an ɗauke wuta da dare, man janareto ya ƙare, ruwa ya kwanta a ƙasa, kwalaben duk sun yi ɗumi. Wasu daga cikin yaran da aka ɗebi jinin sun riga sun rasu, babu inda za a sake samu. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibai su raba samfuri gida biyu, su kuma ƙware a takardar jini: a cika da'irar da ke jikin takardar da ɗigo ɗaya, a shanya ta a kwance aƙalla awa 3 a inuwa, ba rana ba wuta, da damina a haɗa ta da abin tsotse laima. Ita ba ruwanta da NEPA. Jinin amoniya kuwa a kan ƙanƙara ake kai shi, a auna cikin rabin awa, in ba haka ba sakamakon ƙarya za ki samu.

In za ki tura samfuri waje, a rubuta yarjejeniya tun farko: me za a yi da shi, wa ke da bayanan, ina sunanki zai fito, kuma sakamako zai dawo ga iyalin. An daɗe ana ɗibar jinin Afirka ana buga takardu a wasu wurare. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010 ya zo ne don masanan nahiyar su riƙe ragamar irin wannan aiki da kansu.

Wuyar da ta fi duka ita ce ki gano cuta, maganinta yana duniya, amma iyalin ba za su taɓa iya saye ba. Maganin cutar Gaucher, mai kumbura saifa har a ɗauka ta zazzaɓi ce, ya fito tun 1991, kuma yana cin dubban ɗaruruwan daloli a shekara. Maganin gyaran ƙwayar gado na sikila da aka amince da shi a ƙarshen 2023 dala miliyan 2.2 ne. Saboda haka ra'ayina shi ne ki sa ƙarfinki na farko a kan waɗanda ake iya magancewa da abin da ke hannu. Jaririn da aka haifa da raunin tayirod, halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, in an gano shi a makonnin farko, ƙwaya ɗaya mai araha kullum ta raba shi da tawayar ƙwaƙwalwa. Ƙarancin enzayim bayotinides da bitamin bayotin ake riƙe shi. Cutar Wilson, mai tara jan ƙarfe a hanta da ƙwaƙwalwa, tana barin zobe a baƙin ido wanda likitan ido zai iya gani da fitilarsa, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a garinmu, kuma tana da magani tun 1956. Ko inda babu magani ma, sunan cutar kaɗai yana raba iyali da yawon neman magani da zargin maƙwabta, ya kuma ba su damar shiri kafin ciki na gaba.

Sai haƙuri. Alkaptonuriyar da Garrod ya bayyana a 1902, sai a 2020 Turai ta amince da maganinta, wani sinadari mai suna nitisinon da asalinsa don kashe ciyawa aka ƙera shi.

Aikinki na kammala digiri kuwa, ga shawarata: ƙarancin enzayim G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, a jariran da ke zuwa da shawara. Cutar sarrafa sinadari ce ta gado, tana da yawa a nan, binciken da aka yi a sassan ƙasar nan yana nuna wajen namiji 1 cikin 5 ko 6, kuma gwajinta yana cikin ƙarfin ɗaliba. Kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayan jariri yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin irin waɗannan yara, lalle ma an tabbatar yana yi in an shafa wa jariri, shawarar ta hau ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki. Ki haɗa gwajin da 'yan tambayoyi ga masu jego: me aka sa a kayan, me aka shafa, me aka ba shi, akwai dangantaka tsakanin iyaye, an taɓa rasa wani a jego. Ki tuna in jinin yana cikin fashewa gwajin na iya nuna lafiya, don sababbin ƙwayoyin jini sun fi tsofaffi enzayim, sai a maimaita bayan wata uku. Ki rubuta takardar neman yardar iyaye da Hausa mai sauƙi, ki karanta wa wadda ba ta karatu. Ki kuma miƙa takardunki ga kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin tun wannan zangon, don amsarsu takan ɗauki lokaci, kuma ba a taɓa diddigen jariri ko ɗaya kafin izinin ya fito.